Sharhi: Ido da Kunnen Na'urar Gem a Cikin Falo



Yau za mu duba wani abu da dattawa da yawa ke ɗauka wasan yara ne, wato na'urar wasan bidiyo ta gida, wadda matasanmu ke kira gem. Abin da ya dame mu a yau shi ne ido da kunnen da kamfanoni suka sa wa waɗannan na'urori: kyamarar da ke ganin duk wanda ke zaune a falo, da makirufon da ke jiran a yi magana. A 2013 an tafka muhawara a kan wannan batu a Amurka da Turai, tsakanin wani babban kamfani da masu sayen kayansa, kuma yadda aka ƙare ya kamata kowane magidanci ya sani, ko da bai taɓa buga gem ba a rayuwarsa. Matsayina kuwa a fili yake: duk na'urar da za ta gani ko ta ji a cikin gida, mai gidan ne zai ba ta izini, kuma dole ya iya janye izinin duk sa'ad da ya ga dama.

Bari mu fara da asalin abin. Shekaru da dama, hanya ɗaya ce ake buga gem: mutum ya riƙe abin dannawa a hannu, wanda 'yan gem ke kira fad, ya riƙa matsa maɓallai da yatsu. Mai wannan sana'a ya saba, amma ga wanda bai saba ba, maɓallai fiye da 10 a tafin hannu abin tsoro ne. Kamfanoni suka lura cewa iyaye da kakanni da ƙananan yara duk suna gefe, suna kallo ba sa bugawa, kuma wannan kasuwa ce babba da ake asara. A 2003 kamfanin Sony na Japan ya fito da wata ƙaramar kyamara mai suna EyeToy don na'urar PlayStation 2, mutum ya ga kansa a talabijin yana kaɗa hannu. A 2006 kamfanin Nintendo ya fito da Wii, wadda ake riƙe wani abu kamar rimot ana kaɗa shi kamar ana buga tanis. Wii ta yi kasuwa ƙwarai, an sayar da fiye da miliyan 100.

Ganin haka sai kamfanin Microsoft na Amurka ya ce shi zai wuce nan. A watan Nuwamban 2010 ya fito da Kinect don na'urarsa ta Xbox 360, a kan dala 150. Wannan karon ba a riƙe komai. Na'urar tana watsa ɗigo-ɗigon wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani a duk faɗin ɗakin, sai ta karanta yadda ɗigon ya sauka a jikin mutum da kujera da bango, ta gane nisan kowane abu, ta fitar da siffar jikin mai wasa da gaɓoɓinsa. Wani kamfanin Isra'ila mai suna PrimeSense ne ya ƙirƙiri tushen wannan fasaha. Ga kuma makirufo 4 a jere, don ta gane daga inda murya ke fitowa. Jama'a suka yi rububi. Cikin kwana 60 na farko an sayar da miliyan 8, har ta shiga kundin tarihi na Guinness, kuma zuwa farkon 2013 adadin ya kai miliyan 24. Wasannin rawa da motsa jiki irin su Dance Central da Kinect Sports suka cika gidaje.

To, mai sauraro, ka riƙe wannan: a wancan lokacin Kinect zaɓi ce. Wanda ke so ya saya, wanda ba ya so ya ci gaba da fad ɗinsa, babu mai cewa uffan.

Sai aka zo 2013, shekarar sababbin na'urori. A ranar 21 ga Mayu, Microsoft ya gabatar da Xbox One, da sabuwar Kinect da ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Ita tana auna lokacin da haske ke ɗauka ya je jikin mutum ya dawo. Tana gani a cikin duhu. Tana bin motsin mutum 6 a lokaci guda, gaɓoɓi 25 a jikin kowane. Tana gane fuskar mai gida ta buɗe masa shafinsa da zarar ya zauna. Kamfanin ma ya nuna cewa tana iya ƙiyasta bugun zuciya daga ɗan canjin launin fatar fuska. Idan na'urar tana barci, ana tashe ta da murya, a ce mata "Xbox on", sai ta kunna kanta.

Duk wannan abin burgewa ne. Inda gizo ke saƙar shi ne sharuɗɗan da aka gindaya. Ba za a sayar maka da Xbox One ba sai da Kinect a cikin kwali ɗaya. Na'urar ba za ta yi aiki ba sai an jona Kinect ɗin. Sannan sai ta shiga intanet aƙalla sau ɗaya a kowace awa 24, kuma an sa ƙa'idoji masu tsauri a kan sayar da tsohon faifan wasa ko ba da aronsa. Farashi: dala 499. A watan Yuni, a babban taron baje kolin wasanni na E3 da ake yi a birnin Los Angeles, Sony ya bayyana cewa PlayStation 4 dala 399 ce, kyamararta daban ake sayarwa a kan kusan dala 60 ga wanda ke so, faifanka kuma naka ne. Zauren ya ɗauki tafi da sowa.

Daga nan 'yan gem suka zauna suka yi awo, kuma ma'aunansu guda uku ne.

Ma'auni na farko shi ne amfani. Shin murya da motsin jiki sun fi maɓalli? Duk wanda ya taɓa kallon matasa biyu suna buga ƙwallon FIFA ko PES ya san amsar. A wannan wasa, tsakanin cin ƙwallo da ɓarar da ita ƙiftawar ido ne. Yatsa ya taɓa maɓalli, ɗan wasa ya buga, shi ke nan. Amma kyamara sai ta ɗauki hoto, ta lissafa, ta yi hasashen abin da kake nufi, sannan ta aika umarni. Wannan ɗan jinkiri ba ya damun mai rawa, amma yana kashe wasan da ke buƙatar hanzari. Maɓalli kuma yana da wata falala da ba a cika ambata ba: hannu yana jin ya danna. Mai kaɗa hannu a iska bai san ko an ji shi ba sai ya ga sakamako a talabijin. Ga kuma gajiya. Mutum ya dawo daga aiki ko makaranta yana son ya jingina ya huta, ba ya son a ce masa ya miƙe tsaye.

Akwai kuma batun wuri. Kinect ta farko tana buƙatar tazarar kusan mita 2 tsakaninka da talabijin, fiye da haka in ku biyu ne. Ta biyun ta rage, amma duk da haka sai an kawar da teburi an share fili. Mazauna ƙananan ɗakuna a biranen Turai da Japan sun koka da wannan.

Murya ma da tata matsalar. Sai ka faɗi kalmomin da aka tsara, yadda aka tsara su, cikin ɗakin da babu hayaniya. A 2014 aka sa wani tallan Xbox a talabijin inda ɗan fim ɗin Amurka Aaron Paul ya furta kalmar kunna na'urar, sai mutane suka riƙa ba da labarin cewa na'urorinsu na gida sun kunna kansu da jin tallan. Wannan ya nuna cewa na'urar ba ta bambanta muryar mai ita da muryar da ta fito daga lasifika. A wasan ƙwallon kwando na NBA 2K14 kuwa, idan mai wasa ya yi ashar a falonsa, alƙalin wasan cikin talabijin sai ya hukunta ƙungiyarsa. Wasu sun yi dariya, wasu kuma a ranar suka fahimci cewa lallai abin nan yana sauraro.

Sannan ga tambayar da ta shafe mu kai tsaye: muryar wa take ganewa? An ƙaddamar da Xbox One a ƙasashe 13, babu ta Afirka ko ɗaya a ciki, kuma ko a cikin waɗannan ba ko'ina ne duk umarnin murya ke aiki ba. Na'urar gane magana tana koyo ne daga muryoyin da aka tara mata, wanda ba a tara irin muryarsa ba sai ya zama bare. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada manhajojin gane magana na kamfanoni 5, wato Amazon, Apple, Google, IBM da Microsoft. Suka gano cewa kuskuren da manhajojin ke yi a maganar Amurkawa baƙar fata ya kai kusan kashi 35 cikin 100 na kalmomi, a maganar farar fata kuwa kashi 19. Waɗannan mutane ne da Turanci ne harshen da suka tashi da shi. Ina ga yaron da ya koyi Turancinsa a aji a Kano ko Zariya, ko wanda Faransanci ya karanta a Maraɗi? Maɓalli dai ba ya tambayar harshenka.

Ma'auni na biyu shi ne sirri, kuma a nan ne maganar ta yi zafi. Ba a cika mako 3 da gabatar da Xbox One ba, sai Edward Snowden, tsohon ɗan kwangilar hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ya fallasa takardun sirri. A cikinsu akwai shirin PRISM, na karɓar bayanan masu amfani da intanet daga manyan kamfanoni, kuma sunan Microsoft yana jerin. Kamfanin ya musanta cewa ya buɗe wa gwamnati ƙofa kai tsaye, ya ce umarnin doka kawai yake bi. Amma ka duba yadda abubuwan suka haɗu: a daidai lokacin da duniya ke jin labarin leƙen asiri, sai ga kamfani yana cewa a ajiye kyamara mai gani a duhu a tsakiyar falo, ba a cire ta, kuma na'urar tana kan intanet kullum. Tun kafin fallasar ma, kwamishinan kare bayanai na tarayyar Jamus na wancan lokaci, Peter Schaar, ya bayyana na'urar a matsayin kayan sa ido. Jamusawa sun san zafin wannan, domin da yawansu sun rayu ƙarƙashin 'yan sandan sirri na Stasi a tsohuwar Jamus ta Gabas. Mutane suka kuma tono wata takardar neman haƙƙin mallaka da Microsoft ya shigar, wadda ta fito fili a 2012, a kan fasahar da kyamara za ta ƙidaya masu kallon fim a ɗaki, in sun wuce adadin da aka biya wa kuɗi a nemi ƙari. Ba a sa wannan fasaha a Xbox One ba, amma ganin an yi tunaninta kawai ya isa ya sa mutane ɗari-ɗari.

Adalci ya wajaba mu faɗi amsar kamfanin. Microsoft ya ce idan na'urar tana barci, kalmar tashi kaɗai take jira, ba ta naɗar hirar gida, kuma ana iya kashe wannan ma. Ya ce hoto da bayanan fuska ba sa barin na'urar sai da iznin mai ita. Wataƙila gaskiya ne. Matsalar ita ce mai gida ba shi da hanyar tabbatarwa. An ce masa ya yarda kawai.

Mu Hausawa mun san wannan al'amari tun kafin zuwan lantarki. Baƙo, komai kirkinsa, komai alherin da ya zo da shi, a zaure yake tsayawa ya yi sallama, sai an ce ya shigo. In ya shigo, akwai inda zai zauna, akwai lokacin da zai tashi. Ba don ana zarginsa da sata ba ne, don dai gida yana da hurumi, akwai mata, akwai yara, akwai maganar da ba ta fita waje. Na'ura mai ido da kunne baƙuwa ce irin wannan, kuma abin da Microsoft ya nema a 2013 shi ne ta wuce zaure ba sallama, ta zauna dindindin.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa masu fargaba ba su yi ta a banza ba. A watan Agustan 2019, kafar labarai ta Motherboard ta ruwaito cewa 'yan kwangilar da ke yi wa Microsoft aiki sun saurari wasu muryoyin da aka naɗa daga na'urorin Xbox don inganta manhajar, ciki har da waɗanda aka naɗa bisa kuskure, kuma da yawa muryoyin yara ne. Kamfanin ya ce ya daina wannan sauraro a kan Xbox. A shekarar ce kuma aka ji irin wannan labari game da Amazon da Google da Apple. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta sa Microsoft ya biya dala miliyan 20 saboda tara bayanan yaran da suka yi rajistar Xbox ba da yardar iyayensu ba. Amazon shi ma ya amince ya biya dala miliyan 25 saboda ajiye muryoyin yara da na'urarsa ta Alexa ta naɗa. Ba sai akwai mugun nufi ba. Abin da aka tara, wata rana wani zai saurara.

Ma'auni na uku shi ne aljihu. Bambancin dala 100 tsakanin na'urorin biyu, kowa ya san kuɗin kyamara ne. 'Yan gem suka ce: me zai sa mu biya kuɗin abin da ba mu nema ba? Daga baya kuma aka tabbatar cewa an keɓe wa Kinect kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin sashen da ke sarrafa hoto a na'urar, ƙarfin da masu tsara wasanni ke buƙata. Akwai kuma wuta. Wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, NRDC, ta auna a 2014 ta ga cewa Xbox One tana shan kusan wat 15 tana barci, tana jiran a kira ta, dare da rana. Ga mai lantarki awa 24 wannan ƙarin kuɗi ne a ƙarshen wata. Ga mai dogaro da sola da batir, ko mai lissafin man janareta, kunnen da ba ya barci kaya ne.

Yaya aka ƙare? Masu saye suka yi magana da baki, suka kuma yi da aljihu. A ranar 19 ga Yunin 2013 Microsoft ya janye sharaɗin intanet da ƙa'idar tsohon faifai. Makonni kaɗan bayan nan shugaban sashen Xbox, Don Mattrick, ya bar kamfanin. A watan Agusta aka sanar cewa na'urar za ta yi aiki ko an zare Kinect. Da aka shiga kasuwa a watan Nuwamba, PlayStation 4 ta yi gaba. A watan Mayun 2014 sabon shugaban sashen, Phil Spencer, ya sanar cewa daga Yuni za a sayar da Xbox One babu Kinect a kan dala 399. Da kyamarar ta koma zaɓi, masu tsara wasanni suka daina yi mata wasanni, kuma a watan Oktoban 2017 aka daina ƙera ta. A ƙarshen wannan zango, PlayStation 4 ta sayar da fiye da miliyan 117, sama da ninki biyu na abokiyar hamayyarta. Ba kyamara kaɗai ce ta jawo haka ba, akwai farashi da ƙarfin na'ura da irin wasannin da kowace ke da su. Amma babu mai musun cewa tilastawar ta farko ta bar tabo.

Kada kuma mai sauraro ya ɗauka cewa fasahar ce ba ta da amfani. Ko kusa. Akwai mutumin da hannuwansa ba sa iya riƙe fad, saboda shanyewar jiki ko haɗari ko lalurar haihuwa. A wurinsa, kunna talabijin da murya 'yanci ne, ba ƙawa ba. Akwai tsohuwar da ba za ta taɓa koyon maɓallai ba, amma ta miƙe ta yi wasa da jikokinta a gaban kyamara. A 2011 likitocin tiyata a asibitin Sunnybrook da ke Toronto a Kanada sun yi amfani da Kinect suna juya hotunan cikin jikin majinyaci da motsin hannu, ba tare da sun taɓa kwamfuta sun sake wanke hannu ba. Masu gyaran gaɓoɓi sun gwada ta wajen horar da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki. Ɗaliban injiniya a duniya sun sa ta a matsayin idon mutum-mutumi saboda arharta. Kamfanin Apple ya sayi PrimeSense a ƙarshen 2013, kuma a 2017 ya fito da wayar iPhone X mai buɗewa da fuska, da irin wancan ɗigon haske. Ka lura da abu ɗaya a duk waɗannan misalai: mutum ne ya ga buƙata ya ɗauko na'urar da kansa, ya san lokacin da take aiki, ya san lokacin da ya kashe ta. Inda aka ba da zaɓi, fasahar ta yi albarka. Inda aka tilasta, ta mutu.

Kamfanonin sun ɗauki darasi, amma ba su haƙura da ido da kunne ba. Sababbin Xbox na 2020 ba sa aiki da Kinect sam. PlayStation 5, wadda ita ma ta fito a 2020, kyamararta daban ake saye, amma makirufo yana cikin fad ɗin kansa, a hannun yaro. An dai sa masa maɓallin rufewa, wanda ke kunna wuta ruwan lemo idan an rufe. Na'urar tana kuma riƙe mintuna 5 na ƙarshe na hirar 'yan wasa, don wanda aka zaga ko aka ci wa mutunci ya yanki ɗan guntu ya kai ƙara. Wannan manufa ce mai kyau, amma ya kamata iyaye su san da ita. Nintendo Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025 tana da makirufo a jikinta don hira tsakanin abokai, kyamararta daban, kuma yaron da bai kai shekara 16 ba sai da amincewar iyaye zai shiga hirar. Wannan sassauci da ake gani yau, zaɓi da maɓallin rufewa da neman yardar iyaye, ba kyauta aka ba da shi ba. Masu saye ne suka ƙwato shi.

To ina ruwanmu? Waɗannan na'urori suna shigowa kasuwanninmu, sababbi da na hannu. Suna gidajen gem na unguwanni, suna kuma falon masu hali da ɗakunan samari. Yawanci uba ne ke biyan kuɗi, amma yaro ne ke haɗawa ya yi rajista, ya danna "na yarda" a kan dogon rubutun Turanci da babu wanda ya karanta. Ga kuma talabijin na zamani mai rimot ɗin da ake yi wa magana, da wayar da ke aljihun kowa. Nijeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta tanadi neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yara. Wannan ci gaba ne. Amma doka tana Abuja, na'ura tana falonka. Mai gida ne mai gadi na farko.

Don haka ga shawarata ga iyaye da yayye. Kafin ka biya, tambayi mai shago: wannan abin yana da kyamara? Yana da makirufo? Zai yi aiki in an cire su? In amsar ita ce ba zai yi ba, ka sake tunani. In ka kai gida, zauna tare da yaron ku shiga saitin na'urar, ku kashe umarnin murya in ba ku buƙata, ku sa makirufo ya kasance a rufe sai an buɗe. Kyamara kuwa, in an gama wasa a zare wayarta, domin abin da aka zare ba ya buƙatar alƙawarin kowa. Kada a ajiye ta tana fuskantar ɗakin kwana ko inda mata ke zama a sake. A yi wa yaro rajista da shekarunsa na gaskiya a ƙarƙashin shafin babba, domin kariyar da aka tanada wa yara ba ta aiki ga wanda aka rubuta masa shekara 25. In na hannu ka saya, a goge komai a mayar da ita kamar sabuwa kafin a fara. Sannan ka san da wa ɗanka ke hira, domin hatsarin makirufo ba daga kamfani kaɗai yake ba, har da baƙin muryoyi daga ko'ina a duniya da ke shigowa kunnen yaro da dare.

Masu gidajen gem, ku ma kuna da amana. Yaran mutane ne ke zuwa wurinku. In kun jona na'ura da intanet, ku rufe hira da baƙi, kuma kada ku ɗauki hoton yaro ku watsa ba da sanin iyayensa ba.

Ku kuma matasa, 'yan gem, wannan labari naku ne. Tsararrakinku ne a wasu ƙasashe suka sa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya ya janye sharuɗɗansa ɗaya bayan ɗaya cikin shekara guda, ba da komai ba sai tambaya da ƙin sayen abin da bai gamsar da su ba. Ku ma ku riƙa tambaya. Waɗanda ke karatun kwamfuta a cikinku kuma, akwai aiki a gabanku: manhajar da za ta ji Hausa da kyau, wadda makaho ko mai shanyewar hannu ko tsohon da bai yi boko ba zai yi wa magana ta amsa, kuma a gina ta yadda muryarsa ba za ta tafi inda bai sani ba. Idan ba ku yi ba, wasu za su yi, bisa sharuɗɗansu.

A nan za mu dakata a sharhinmu na yau.  Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya shirya mana zuri'a.